Yadda Ake Kwatanta Abin Wani da Na Wani a Turanci

Idan Bahaushe zai gwada gidansa da na maƙwabcinsa, cewa yake yi, "Gidana ya fi naka girma," ba tare da ya maimaita kalmar gida ba, domin "naka" ta riga ta tsaya a madadinta. Masana nahawun Hausa suna kiran irin su nawa, taka, naki da tamu doguwar mallaka, ɗafin da ke jikin gidana da gonarka kuwa gajeruwar mallaka. Turanci ma yana da waɗannan kashi biyu, kuma yawancin kurakuran da ɗalibai ke yi wajen kwatance suna faruwa ne saboda sanya ɗaya a gurbin ɗaya, ko kuma yar da kalmar mallakar gaba ɗaya.

Kashi na farko shi ne my, your, his, her, its, our da their, waɗanda ba sa tsayawa su kaɗai, dole sai suna ya biyo bayansu, kamar a my house. Kashi na biyu shi ne mine, yours, his, hers, ours da theirs, waɗanda suke tsayawa da ƙafarsu, ba a kuma jingina musu suna. Kalmar his ce kaɗai take aiki a ɓangarorin biyu ba tare da ta sauya kama ba.

Wajen gina jimlar, a fara da abin da ake magana a kansa tare da kalmar mallaka ta kashi na farko, a kawo is ko are, sannan sifar kwatance, sannan than, a rufe da kalmar mallaka ta kashi na biyu. Ta haka "Gidana ya fi naka girma" zai zama My house is bigger than yours. Ba laifi ba ne a ce than your house, sai dai maimaicin yana sa jimlar ta yi nauyi. Abin da ba ya halatta shi ne than your a bar ta a rataye, ko kuma than yours house.

Batun sifar kanta ba shi da tsawo. Gajerun sifofi masu gaɓa ɗaya suna karɓar ɗafin er, kamar taller da cheaper, dogaye kuma a sa musu more a gaba, kamar more expensive. Good tana komawa better, bad kuma worse. Ba a haɗa hanyoyin biyu wuri guda, saboda haka more better kuskure ne ko da a bakin wa aka ji shi.

Inda ya kamata mai jin Hausa ya natsu shi ne wajen jinsi. A Hausa, doguwar mallaka tana duba abu biyu a lokaci guda: farkonta yana bin jinsin abin da aka mallaka, ƙarshenta kuma yana bin mai abin. Shi ya sa muke cewa nasa idan gida ne, tasa idan mota ce, alhali mai su mutum ɗaya ne. Turanci bai damu da jinsin kayan ba ko kaɗan, mai kayan kawai yake kallo. Don haka "Motata ta fi tasa sauri" ita ce My car is faster than his, ba hers ba, duk da cewa "ta" ɗin da ke farkon "tasa" tana iya jan hankalin mai koyo zuwa ga mace. Haka nan "Littafinsa ya fi nata tsada" ita ce His book is more expensive than hers. A wani ɓangaren kuma Turancin ya sauƙaƙa, domin naka, taka, naki, taki, naku da taku duk kalma ɗaya ce ke ɗauke da su, wato yours.

Idan mai abin suna ne ba wakilin suna ba, sai a ɗora masa ƙaramar alamar nan mai kama da waƙafi a sama, a bi ta da harafin s. "Gonarmu ta fi ta Musa faɗi" za ta zama Our farm is wider than Musa's. Idan sunan jam'i ne da ya riga ya ƙare da s, alamar ce kawai ake sawa a bayansa, kamar than the teachers', amma jam'in da bai ƙare da s ba yana karɓar duka biyun, kamar than the children's. Ita wannan alama ba ta shiga yours, hers, ours da theirs, kuma duk wanda ya rubuta your's ya ba mai duba takardar jarrabawar WAEC ko NECO dalilin jan layi da jan biro.

Kuskuren da na fi ganin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne gwada abubuwan da ba irinsu ɗaya ba. Jos tana kan tsauni, yanayinta ya fi na Sakkwato sanyi, kuma babu Bahaushen da zai manta da wannan "na" ɗin. Amma da an koma Turanci sai ka ga an rubuta The weather of Jos is cooler than Sokoto, wanda a zahiri yake gwada yanayi da gari. Gyaran shi ne a nemo wa "na" takwararta, wato that of, a ce than that of Sokoto, ko kuma than Sokoto's. Kogin Nilu yana da tsawon kimanin kilomita 6,650, Kogin Neja kuma kimanin 4,180, saboda haka za a iya cewa The length of the Nile is greater than that of the Niger. Idan abin da ake gwadawa jam'i ne, sai that ta koma those, kamar a The streets of Abuja are wider than those of the old city. A rubutun hukuma da na makaranta, that of da those of sun fi dacewa da wurare da abubuwa marasa rai, musamman da yake Turawa ba su cika barin its ita kaɗai a ƙarshen jimla ba. Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce mutum ya mayar da jimlarsa Hausa a zuci: idan "na" ko "ta" ta mallaka ta fito bayan "fi", to lallai Turancin yana bukatar kalmar mallaka bayan than.

Wannan gwajin yana raba than me da than mine. Her son is taller than me tana nufin ɗanta ya fi ni tsawo, Her son is taller than mine kuwa tana nufin ɗanta ya fi nawa tsawo, wato ɗana. Dukansu daidai ne, ma'anarsu ce ta sha bamban.

Ba kowane kwatance ne yake ɗaukar than ba. Idan abubuwan sun yi daidai, ana sanya sifar tsakanin as guda biyu, kamar Your handwriting is as neat as hers, wato rubutunka ya kai nata kyau, idan kuma bai kai ba sai a ce not as neat as hers. Ana cewa the same as mine, similar to ours, da different from theirs. Kalmomin superior, inferior, senior da junior kuwa to suke ɗauka, haka ma prefer, shi ya sa ake cewa I prefer your plan to his.

Saura my own da your own, waɗanda suka zama ruwan dare a Turancin da ake yi a kasuwanni da titunan Najeriya, inda za ka ji an ce My own is better than your own. Kowa zai fahimta, amma a daidaitaccen Turanci aikin own shi ne ƙarfafawa, kamar yadda muke cewa "nawa na kaina". A wasiƙar neman aiki ko takardar jarrabawa, abin da ake rubutawa shi ne Mine is better than yours.