Kada katin da ke hannu ya wuce biyu

'Yan uwa masu haɗa manhaja ko shirin fitar da sabon kaya kasuwa, ga dabarar da ta rage mana jinkiri sosai.

Ku raba allo gida uku: Za a yi, Ana yi, An gama. Kowane aiki da katinsa. A gidan tsakiya kada mutum ya riƙe kati fiye da 2. Sai ya gama ɗaya sannan ya ɗauki wani.

Kanban ake kiran tsarin. A masana'antar motocin Toyota ta Japan ya samo asali, a hannun wani injiniyansu mai suna Taiichi Ohno. Manhajojin tsara aiki irin su Trello ko Jira za su yi muku, takarda mai mannewa a bango ma ta isa.

Duk sanda kuka tsallaka daga wani aiki zuwa wani, lokaci na tafiya wajen tuno inda kuka tsaya. Kuma ayyuka biyar da aka yi rabi-rabi babu wanda zai amfani abokin ciniki. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda allon ke tona inda cunkoso yake. Mu sai da muka sa iyakar muka gane ashe a wajen gwaji komai ke maƙalewa, sai sauran ma'aikatan suka koma taya masu gwaji.

Amma fa idan kati ɗaya aikin wata guda ne, dabarar ba za ta yi ba. Ku yanka shi ya koma na kwana 2 ko 3. Haka idan shugaba kullum yana cuso aikin gaggawa. Ku ware masa layi daban, kati ɗaya tak.