Yadda za ka kalli Extraordinary Attorney Woo ka ji daɗinsa

In kana neman fim ɗin lauya mai ban dariya amma kuma mai taɓa zuciya, to wallahi ka nemi wannan. Na Koriya ta Kudu ne, ya fito a 2022 a tashar ENA, kashi 16 ne kacal, kuma yana Netflix. Labarin Woo Young-woo ne, wata matashiyar lauya mai lalurar otizim (wadda ke shafar yadda mutum ke magana da mu'amala da mutane) da ta fita da sakamako mafi kyau a makarantar lauyoyi ta Jami'ar Ƙasa ta Seoul, ta samu aiki a wani babban kamfanin lauyoyi mai suna Hanbada. Park Eun-bin ce ta fito a matsayinta, kuma wasan da ta yi ya sa ta ci babbar kyautar Baeksang ta masu fina-finan Koriya a 2023.

Abu na farko, kar ka yanke hukunci a kashi na ɗaya, ka daure ka kai na uku tukuna. Na ɗayan ma dai yana da daɗi, shari'ar wata tsohuwa ce da ta buga wa mijinta dutsen guga a ka, kowa na ganin ai a roƙi sassauci kawai a wuce wurin, sai Woo ta hango abin da manyan lauyoyin ba su gani ba, wato in aka kama matar da laifin yunƙurin kisa to ta rasa gadon mijin, gidan da take ciki ma ya tafi. A nan za ka gane irin kan da yarinyar nan ke da shi. Amma na uku shi ne ke nuna maka fim ɗin ba wasa ya zo yi ba, domin wanda take karewa shi ma yana da otizim, sai dai nasa ya sha bamban da nata sosai, kuma za ka ga yadda mutane ke haɗa su a kwando ɗaya ba tare da tunani ba.

Na biyu, ka bar shi da muryar Koriyanci ka riƙa karanta fassarar da ke ƙasa. Rabin daɗin yana cikin yadda take magana ne, da sauri, ba kwana-kwana, musamman in ta fara zuba bayanin kifin wel, wannan ƙaton na teku da take mutuwar so, har sai an tsayar da ita. Kuma don Allah kar ka riƙa tsallake wuraren da babu kotu. Wurin da ta tsaya gaban ƙofar nan mai juyawa ta kasa shiga, wani abokin aikinta Jun-ho ya zo ya koya mata ta ƙirga taku kamar mai rawa, ko yadda take jera kimbap, wato naɗin shinkafa irin na Koriya, a shagon babanta kafin ta ci, su ne ke sa ka san ta. Ka kuma sa ido kan ogan ta Jung Myung-seok, wanda da farko bai so a ba shi ita ba, ni dai shi na fi so a duk fim ɗin saboda yadda yake gyara kansa ba tare da surutu ba.

Kowane kashi ya haura awa ɗaya, kuma yawanci shari'a ɗaya ce a kashi ɗaya, don haka ɗaya ko biyu a dare ya isa, kar ka kwana a kai ka gaji. Sai dai na 7 da na 8 labari ɗaya ne, rikicin titin da za a ratsa ta ƙauyen Sodeok-dong mai tsohuwar bishiya a kan tudu, haka ma na 13 da na 14 da suka je tsibirin Jeju. Waɗannan ka ware musu lokaci ka kalle su a jere.