Darasi na 9: Ƙarin Huhu Wanda Ba Daji Ba

A ce wani tela mai shekara 55 ya faɗi daga babur, haƙarƙarinsa ya bugu. Aka kai shi asibiti aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ɗaga hoton ya duba a haske, ya ce, "Baba, ƙashinka lafiya lau. Amma ga wani ɗan farin tabo nan a huhunka na dama, kamar girman gyaɗa."

Gaban tela ya faɗi. "Likita, daji ne?"

"Ban sani ba tukuna, Baba. Hoton nan shi kaɗai ba ya faɗa. Kana tari? Ka rame? Kana shan taba?"

Duka ya ce a'a.

Haka ake gano yawancin irin wannan ƙari: mutum ya je neman wani abu daban, sai a ci karo da shi. Ƙari tsiro ne da ke fitowa a jiki inda bai kamata ba. Akwai mugu, wato daji, mai cin naman da ke kusa da shi yana kuma bazuwa zuwa wasu sassan jiki. Akwai kuma wanda yake zaune wuri ɗaya, yana girma a hankali, ba ya zuwa ko'ina. A huhu, wannan na biyun ba shi da yawa.

Wanda aka fi gani cikinsu shi ne hamatoma. Karanta shi gaɓa-gaɓa: ha-ma-to-ma. Curi ne na guringuntsi da kitse da ɗan nama, abubuwan da dama akwai su a jiki, sai dai sun haɗu a hargitse. An fi samunsa ga maza 'yan shekara 50 zuwa sama. Akwai wasu da suka fi shi ƙaranci, kamar lifoma, wanda kitse ne zalla, da fafiloma, mai fitowa kamar tsiro a cikin bututun iska. Wanda ya fito cikin bututu shi ne mai damun mutum, domin yana toshe hanya. Sai a riƙa tari, numfashi yana fito, wani lokaci da jini a kaki, ko ciwon nimoniya ya yi ta dawowa a gefe ɗaya.

A ƙasarmu abin da likita zai fara zargi shi ne tarin fuka, kuma da gaskiyarsa, domin ya fi ƙari yawa nesa ba kusa ba, yana kuma barin tabo mai kama da ƙari. Shi ya sa ake fara auna kaki da na'urar GeneXpert, kuma a Najeriya gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Abin da ba shi da kyau shi ne mutum ya kama shan maganin wata 6 saboda hoto kawai, ko don mai kemis ya ce "ai tibi ne". Wanda ya sha magani bai ji sauƙi ba, ya koma asibiti ya faɗa.

Idan kaki bai nuna komai ba, sai hoton siti sikan. Mutum zai kwanta a kan gado, gadon ya shiga cikin wani babban zobe, a ce masa ya riƙe numfashi na ɗan lokaci. Babu zafi. Wannan hoto yana nuna huhu yanka-yanka, kamar an yanka burodi. Idan gefen curin sumul ne, aka ga kitse a ciki, ko aka ga wasu fararen ƙulle-ƙulle masu kama da gugguru, likita zai iya cewa hamatoma ne ba tare da an taɓa jikin mutum ba. Manyan asibitocin koyarwa, kamar na Kano da na Shika a Zariya da na Sakkwato, su ne irin wuraren da ake tura mutum.

In har yanzu da shakka, sai a gutsuro kaɗan a auna. Ko dai a zura siririn bututu mai fitila ta hanci ko ta baki har cikin huhu, ko a soka allura ta tsakanin haƙarƙari bayan an kashe zafin wurin. Jita-jitar da ake yi cewa taɓa ƙari da allura ke mai da shi daji ba gaskiya ba ce. Ƙarin da ba daji ba, kuma ba ya damun kowa, akan bar shi ana bibiya. Wanda ke girma ko toshe bututu kuwa, tiyata ake yi a cire shi.

Sai likita ya tambayi tela, "Baba, an taɓa yi maka hoton ƙirji a da?" Tela ya tuna an yi masa wani shekara 4 da suka wuce, yana ƙasan akwatin uwargida cikin ambulan. Da aka kawo, ga tabon nan a wurinsa, girmansa bai sauya ba. Curin da ya yi shekara 2 ko fiye bai ƙaru ba, da wuya ya zama daji. Tsohon hoton nan ya hutar da shi allura.

Aiki: Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: huhu, ƙari, kaki, guringuntsi. In ka koma gida, nemo duk wani hoton asibiti da kake da shi, ka rubuta sunanka da shekarar da aka ɗauka a bayan ambulan ɗin.