Yadda nake yaye 'ya'yan alade kada zawo ya kwashe su

Shekarar da na fara kiwo a bayan gidanmu a Zonkwa, rana ɗaya na raba 'ya'ya tara da uwarsu, na kai su sabon ɗaki, na zuba musu busasshiyar dusa. Kafin mako ya zagayo, huɗu sun mutu da zawo. Wani likitan dabbobi ne ya zaunar da ni daga baya, ya nuna min cewa ɓarnar daga hanji take farawa.

Cikin hanji akwai 'yan tsirai kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci. Idan ɗan alade ya rasa nono kuma ya ƙi ci, cikin 'yan kwanaki sai su gajarce. A kwana biyun farko ƙwayoyin gado masu tayar da kumburi, irin su IL-6 da TNF-alfa, kan farka da ƙarfi, su kuwa masu haɗa sinadaran da ke liƙe bangon hanji sai su yi sanyi. Bango ya saki, ƙwayar cutar E. coli mai kawo zawo ta samu ƙofa. Tsoro, sanyi da faɗa duk suna ƙara rura wutar. Saboda haka aikinka ɗaya ne, kada cikinsu ya zauna babu komai.

Manyan gonaki na yaye a kwana 21 zuwa 28. Ni sai sun kai mako shida, domin abincinmu bai kai nasu ba. Tun suna da mako biyu nake ajiye musu ɗan abinci mai laushi a lungun da uwar ba za ta iya shiga ba. Rabi wasa za su yi da shi, ka bar su, hanjin ne ke koyon narkar da hatsi.

Ranar yaye uwar za ka fitar, su ka bar su a ɗakin da suka sani. Kada ka haɗa 'ya'yan uwa daban-daban a makon nan, kuma dandaƙa ta jira wani lokaci. Abincin da suka saba da shi za ka dama kamar kunu, kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko biyar a rana, ka wanke mazubi kafin ya yi tsami. Waken soya kuwa ka rage hannu, wanda bai narke ba abincin ƙwayoyin cuta ne. Ruwa mai tsabta kada ya yanke. Da hunturu ina shimfiɗa busasshiyar ciyawa in toshe taga, don a makon farko suna son zafi wajen digiri 28.

Wasu na zuba sinadarin zinki da yawa a abinci don tsayar da zawo. Tarayyar Turai ta hana hakan a 2022, ni ma ban dogara da shi ba.

Mako biyu nake sa musu ido safe da yamma. Wanda na ga gindinsa ya jiƙe ko idonsa ya faɗa, in ware shi, in ba shi ruwan gishiri da sukari, in kira likita. Kasuwar aladu ta Katsit da ke kusa da Kafanchan kuwa, sai sun wuce wannan mako biyun lafiya nake kai su.