Yadda Mai Juna Biyu a Amurka Za Ta Samu Dula Ta Kuma Amfana da Ita

Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna cewa a shekarar 2021, cikin kowace haihuwa 100,000 a Amurka, mata baƙar fata kusan 70 ne suka rasu sanadiyyar ciki ko haihuwa, alhali a tsakanin fararen fata adadin bai kai 27 ba. Ilimi da dukiya ba sa kawar da wannan bambanci gaba ɗaya, domin wani ɓangarensa yana fitowa ne daga rashin sauraron mace idan ta ce jikinta ba daidai yake ba. Saboda haka Bahaushiyar da ke zaune a Bronx ko Houston, nesa da mahaifiyar da za ta tafi goyon ciki wurinta, tana buƙatar wadda za ta tsaya mata, kuma aikin dula ke nan.

Dula mace ce da aka horar domin ta raka mai ciki tun daga awo har zuwa jego. Ba ungozoma ba ce, ba ta karɓar haihuwa, ba ta ba da magani. Ana fifita dular da ta fito daga cikin al'umma saboda yawanci a unguwa ɗaya take da matan da take yi wa hidima, ta san halin rayuwarsu, kuma zuwanta gida ba ya tsayawa a ranar naƙuda.

Ki fara nema da wuri, tun ciki yana wata 3 ko 4. Ki tambayi inshorarki ko tana biyan kuɗin dula, domin shirin Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, yana biya a jihohi da dama: Oregon da Minnesota ne suka yi gaba, Kalifoniya ta bi a 2023, Jihar New York kuma a 2024. A birnin New York akwai shirin gwamnati na kyauta da aka fara a 2022 ga mazauna wasu unguwanni, akwai kuma ƙungiyoyin dula irin su Ancient Song da ke Brooklyn.

Wurin zaɓe ne ya kamata ki tsananta. Ki tambaye ta inda aka horar da ita, da asibitocin da ta saba aiki a cikinsu, da wadda za ta maye gurbinta idan naƙuda ta zo ba ta nan. Tambayar da ta fi muhimmanci a ganina ita ce abin da take yi idan ma'aikatan jinya suka yi biris da koken mai naƙuda. Wadda ta ƙware ba za ta yi faɗa da likita ba, za ta taimaka miki ki maimaita ƙorafinki, ki nemi a rubuta shi a fayil ɗinki, ki kuma nemi a kira babban likita. Ki gaya mata abin da ya shafi addini da sutura, kamar son mace ta duba ki idan da hali, ku rubuta shi a takardar tsarin haihuwa. Idan Turanci yana yi miki nauyi, asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya dole ne ya samar miki da tafinta kyauta.

Kada ki sallame ta da an sauka lafiya, domin mutuwa da yawa bayan an koma gida take faruwa. Ku tsara ziyarar jego tun kafin haihuwa, ku kuma sanar da maigida alamomin da ba a jira da su: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska ko hannu, zubar jini mai yawa, zazzaɓi, da numfashi da ƙyar. Duk lokacin da ɗaya ta bayyana, a kira 911 ko a tafi sashen gaggawa, a kuma faɗa musu tun daga ƙofa ranar da kika haihu.