Yadda ake haɗa kiɗan fim ba tare da an danne maganar 'yan wasa ba

Masu haɗa bit da yawa in aka basu aikin fim karon farko sai su ɗauka waƙa ce babu mawaƙi, su cika ta da ganga da fiyano da bes har ba wajen numfashi, a ɗora kan hoto sai kaga jarumi yana ta motsa baki amma ba'a jin me yake cewa. To a fim magana ita ce mawaƙin, kai kuma ɗan amshi ne. Duk abinda zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso.

Kafin ka taɓa kibod ɗinka ka zauna da darakta ku kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, da biro da takarda. Duk inda kiɗa zai shiga ku rubuta lokacin shigarsa da na fitarsa, da dalilin da yasa ake buƙatarsa a wajen. Wannan dalilin shine aikin. In darakta yace maka "a nan ina son kiɗan baƙin ciki" kar ka tsaya nan, tambaye shi baƙin cikin wa? Na matar dake kuka ko na mijin dake bakin ƙofa ya kasa shiga? Ba kiɗa ɗaya bane. Kuma wlh rabin amfanin zaman nan shine gano inda ba'a son kiɗa kwata-kwata. In kiɗa bai tsaya ba tun farkon fim kunne gajiya yake ya daina jinsa, ranar da kazo babban sin ɗin, wato fitowar da tafi kowacce nauyi a fim ɗin, ba abinda ya rage maka da zaka girgiza mai kallo dashi.

Sau da yawa edita ya riga ya ɗora kiɗan wasu na wucin gadi yana yanka hoto a kai, darakta ya jishi sau ɗari har ya kamu da sonsa. Kar ka kwafa, haƙƙin wani ne. Ka tambaya meye a ciki ya burge shi, saurin ne ko kayan kiɗan ko yadda yake hawa a hankali, ka ɗauki wannan kawai.

Sai maganar saitin, wadda bata da daɗi amma ita ke kunyata mutum. Sautin bidiyo a 48 kHz ake yinsa, wato sau nawa na'ura ke ɗaukar samfurin sauti a sakan, da 24 bit, wato zurfin kowane samfuri, ba 44.1 ɗin da muka saba a waƙa ba. Na taɓa tura fayil na 44.1 aka jefa shi cikin aikin 48 ba'a juya shi ba, kiɗan yayi sauri, muryarsa ta hau sama kusan nota ɗaya da rabi in ka ƙirga farare da baƙaƙen maɓallan kibod, edita ya kira ni yana tambaya ko lafiya goge na ke kuka kamar an take wa kyanwa jela. Sannan ka tambayi firem nawa ne, wato hoto nawa ke wucewa a sakan, 24 ne ko 25 ko 23.976 ko 29.97, ka saita manhajarka daidai da haka, ko Cubase kake amfani da ita ko Logic ko Pro Tools ko Reaper duk suna da wajen. Tsakanin 24 da 23.976 kamar ba komai, amma in aka samu saɓani a awa ɗaya sai sauti ya zame da kusan sakan 3.6. Kace a turo maka bidiyo mai taimkod, wato lambobin lokaci masu gudu a jikin hoton, kuma maganar 'yan wasa a layinta daban da kiɗan wucin gadin, don ka iya kashe ɗaya ka bar ɗaya. In son samu ne kar ka fara sai an gama yanka hoto, duk da dai a zahiri sai sun sake taɓawa, haƙuri zakayi.

Wajen rubuta kiɗan, nemi 'yar gajeriyar murya guda, nota huɗu ko biyar, wadda za'a iya rera ta da baki. Ka bawa babban jarumi ko babbar damuwar labarin. Daga nan sai ka dinga canza mata riga, yau sarewa ita kaɗai a hankali, gobe ƙasa-ƙasa da bes lokacin da abu ya ɓaci, a ƙarshe da duka kayan kiɗa. Mai kallo bazai ce ga abinda kayi ba amma zai ji ya san muryar nan. Wannan yafi ka ƙirƙiri sabon abu a kowane sin.

Ga lissafin da zai maka amfani. A gudun bugu 120 a minti, kowane bugu rabin sakan ne, wato firem 12 in fim ɗin 24 ne, layin kiɗa mai bugu huɗu kuma sakan 2. Ace daga buɗe ƙofa zuwa inda jaruma ta ga wata wasiƙa sakan 16 ne, kaga layi 8 cif. In sakan 17 ne fa? Bugu 32 na layi 8 ɗin nan ka raba su cikin 17 ka ninka da 60, gudun ya koma wajen 113, sai bugun ƙarshe ya sauka daidai kan fuskarta. Amma kar ka bi kowane motsi da duka, in an ɗaga gira kace dum, an juya kace dum, sai ya koma katun. Wani lokacin ma in ka bari ta gama karanta wasiƙar, aka yi shiru na sakan biyu sannan kiɗa ya shigo, yafi ciwo nesa ba kusa ba.

Rikodin kuwa, ko kuɗin aikin kaɗan ne ka nemo mutum ɗaya mai kayan kiɗa na gaske ya hau kan na kwamfuta, mai goge ko mai sarewa ko mai jita. Numfashinsa da 'yar karkarwar yatsansa su ke sa sauran su zama kamar masu rai. Bashi hedifon mai kilik, wato 'yar ƙarar dake ƙirga bugu, don ya zauna kan gudun, ka rage ƙarar kilik ɗin kar ya zubo cikin makirfo, kashe fanka da esi, kar ka cika ƙarar shiga har tayi ja, a 24 bit ba wani dalilin cika ta. Ka nuna masa sin ɗin kafin ya fara.

Miksin shine inda ake faɗan. Ka kunna layin magana ka barshi a kunne duk tsawon aikin, kada ka taɓa yin miksin kiɗa shi kaɗai kana jin daɗin kanka. Baƙaƙen dake sa a gane magana suna zaune ne tsakanin 1 zuwa 4 kHz a ma'aunin kaifin sauti, to duk kayan kiɗan dake da kaifi a wajen, ka ɗan rage masa da ikwalaiza, wato abin rage ko ƙara wani sashen sauti, lokacin da ake magana. Amma gaskiya gyaran da yafi shine tun a rubutu, in suna magana ka riƙe dogayen notoci a ƙasa, muryar kiɗan ta jira sai sun rufe baki ta fito. Magana tana zama a tsakiya, don haka buɗe kiɗanka hagu da dama ka bar mata tsakiyar. Kuma ka manta da matse sauti irin na waƙar rediyo, fim yana son inda yayi ƙasa yayi ƙasa sosai. Tashoshin talabijin a Turai suna bin ƙa'idar EBU R128, wato -23 LUFS a ma'aunin ƙarar sauti, a Amurka -24, kowace tasha ko dandalin intanet da takardar ƙa'idarsa, ka nema tun kafin ka fara. In ka gama ka saurara a sifikar sutudiyo, sannan a talabijin, sannan a waya, inda bes ɗinka mai girgiza ɗaki zai ɓace ɓat, ka duba ko sin ɗin yana nan da ransa.

Wajen miƙa aiki kar ka tura fayil ɗaya dunƙule. Raba shi kashi-kashi, ganguna daban, bes daban, goge da sauran masu tsirkiya daban, muryar gaba daban, duk WAV, duk su fara daga taimkod ɗaya su ƙare tare, don in mai miksin ɗin ƙarshe yaga ganga na cin magana ya rage ta ita kaɗai, ba ya danne maka kiɗan gaba ɗaya ba. Sa lokacin farawa a sunan kowane fayil. Sannan ka rubuta takardar jerin kiɗa, sunan kowane yanki, tsawonsa, inda ya shiga, da sunanka a matsayin wanda ya rubuta, domin da ita ƙungiyoyin haƙƙin mallaka ke lissafin abinda za'a biya ka in an haska fim ɗin. Ajiye kwafinka kafin ka tura.