Yadda za ka kunna furogiram a Casio fx-5800P, ka kuma duba shi kafin ka fita fili da shi

Duk wanda ke aikin safiyo ko yake karatunsa a foli ya san wannan kalkuleta, Casio fx-5800P, mai layi huɗu a allo, batir ƙwaya ɗaya AAA. Tun 2006 aka fito da ita kuma har yau tana aiki, tana ɗaukar furogiram har bayit 28,500, in batir ya mutu ka canza ba sa gogewa. Abin da ke damuna shi ne yadda ƙannenmu ke haɗa kebul su kwashi furogiram daga kalkuletar wani, ba su karanta ko layi ɗaya ba, gobe sai fili, kuma da lambar da ta fito za a kafa dutsen iyakar gonar mutum.

Kunnawa ba wuya. Danna MODE sai 5, za ka ga NEW, RUN, EDIT, DELETE, ka ɗauki 2, sunayen su fito, ka sauka da kibiya kan wanda kake so ka danna EXE. Ko ka danna FILE kai tsaye, ya fi sauri. In ka ga alamar tambaya to lamba take jira, ka saka, EXE. In ka ga Disp a allo ba daskarewa ta yi ba, ta tsaya ne ta nuna maka amsa, danna EXE ta wuce gaba. In kuma ta shiga zagaye ta ƙi fita, AC/ON zai katse ta.

To ga wanda kusan kowa ke da shi, na fitar da nisa da biyarin (kwanar da layi ya yi daga arewa) tsakanin maki biyu, wato wurare biyu a fili, kowanne da lambarsa ta arewa N da ta gabas E:

Deg
"N1"?A:"E1"?B
"N2"?C:"E2"?D
Pol(C−A,D−B)
If J<0:Then J+360→J:IfEnd
"DIST":I◢
"BRG":J►DMS◢

Yanzu ka koma MODE 5 ka ɗauki 3, wato EDIT, ka buɗe naka ka bi shi layi-layi da kibiyar ƙasa, da biro da takarda a gefe, kana rubuta wane harafi ke riƙe da me. Wannan rubutun kar ka raina shi, haruffa 26 ne kawai A zuwa Z kuma duk furogiram ɗin da ke cikin kalkuletar su suke amfani da su, ba wanda ke da nasa na kansa, don haka in wannan ya kira wani da Prog, wancan yana iya taka maka A ɗinka ba ka sani ba. Pol kuma, umarnin da ke lissafa nisa da kwana, kullum a I take zuba nisa, kwana a J, ko ka so ko ba ka so ba, in ka ajiye wani abu a I tun farko ya tafi ke nan.

Layin If ɗin nan shi na fi so ka tsaya a kai. Pol tana bada kwana ne daga −180 zuwa 180, mu kuma biyarin ɗinmu daga 0 zuwa 360 yake, shi ya sa ake ƙara 360 in ta fito da ragi. Na taɓa karɓar wani furogiram a hannun abokin aiki babu wannan layin, layukan da suka yi gabas duk daidai, muna juyawa yamma sai ga alamar ragi a gaban amsa, yaron da ke rubutawa a littafi kuma bai ɗauke ta ba. Sai da muka koma wurin washegari, da kuɗin mai da komai, mai gonar yana tsaye yana kallonmu.

Gwajin da nake yi kafin in yarda da kowane irin wannan furogiram minti biyu ne. Saka N1 1000, E1 1000, N2 1003, E2 1004. Dole nisa ya fito 5 cif, biyarin 53°07′48.37″. Sai ka juya su, na biyu ya zama na farko, nisa 5 ɗin dai, biyarin 233°07′48.37″. In ka ga −126° da ɗoriya, layin If ne babu ko an rubuta shi ba daidai ba. In gwajin farko ya ba ka 36°52′ to an musanya N da E a cikin Pol. In kuwa kwanar ta fito ƴar mitsitsiya ƙasa da digiri ɗaya, kalkuletar tana Rad ne, wato tana auna kwana da radiyan ba digiri ba, shi ya sa nake sa Deg, mai mayar da ita digiri, a layin farko ba na dogara da saitin da wani ya bari.

Wanda ke ihu ya fi sauƙin kamawa. In ta rubuta Syntax ERROR kar ka yi saurin danna AC, danna kibiyar hagu ko dama, za ta kai ka daidai inda ta yi tuntuɓe, galibi alamar zance ce ba a rufe ba ko an manta ɗigo biyu (:) tsakanin umarni. Go ERROR na nufin akwai Goto amma babu Lbl ɗinsa, ko an kira furogiram da sunan da babu shi, wannan yana yawan faruwa in an kwafo uwar aka bar ƴaƴan a ɗaya kalkuletar. Math ERROR a namu na sama zai fito in ka saka maki ɗaya sau biyu.

Akwai kuma bambancin ?A da ?→A da mutane ba sa lura. Na farko yana nuna maka tsohuwar lambar da ke cikin A, in ka danna EXE kawai sai ya riƙe ta, yana da daɗi sosai in kana tsaye a tasha ɗaya kana harbin maki da yawa, ba sai ka sake buga N1 da E1 ba. Amma in ka matsa tasha ta gaba, rana ta dake ka, kana ta danna EXE da sauri, tsohuwar tasha zai yi maka lissafi da ita kuma ba zai ce uffan ba. Ni dai duk tashar da na kafa sai na karanta N1 da E1 da ƙarfi daga allo, mai riƙe da littafi ya amsa min, sannan in danna.

Ɗalibai kuma, wannan ta fili ce da aji, WAEC ba ta yarda a shiga jarrabawa da kalkuleta mai furogiram ba, ku nemi ƙarama ta daban don ranar.